Ruwan zafi a gidan ƙauye: na sola, na gas, ko na'urar zuƙar zafi?

Wani magidanci da ke zaune a ƙauye ya aiko da tambaya. Su shida ne a gida, ruwansu na rijiyar burtsatse ne da ake turawa tanki a sama, wutar lantarki kuma in ta zo yau ba lallai a gan ta gobe ba. Da itace suke dafa ruwan wanka, in an kawo wuta su jona hita. Itacen ya ishe shi, kuɗin wutar ma haka. Ya nemi shawara, wani ya ce ya sa na sola, wani ya ce na gas, wani kuma ya ce akwai sabuwar na'ura mai zuƙo zafi daga iska wadda ta fi su duka. Wanne zai ɗauka?

Malam, a yanayin da ka bayyana, injin dumama ruwa na sola mai tanki a kansa, wanda ba ya buƙatar injin tura ruwa ko lantarki, shi ya fi dacewa da kai, sai ka ajiye wata hanya ta ko-ta-kwana saboda ranakun hadari. Amma kada ka sa hannu a aljihu tukuna. A ƙauye, irin ruwanka da tsayin tankinka da nisanka da mai gyara sun fi lambar ingancin da aka buga a jikin kwali tasiri, kuma su ne mai sayarwa ba zai tambaye ka ba.

Mu fara da lissafi, domin da shi za ka auna maganar kowa. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16, ko da me aka dumama shi. Mu ɗauka gidanka na shan lita 150 ta ruwan zafi a rana, wato lita 25 ga kowane mutum kafin a surka. In ruwan ya fito a digiri 20 ana so ya kai 55, an ƙara 35 ke nan. Ka ninka 150 da 35 da 1.16, za ka samu kusan kilowat-awa 6, abin da mita ke ƙirgawa a matsayin yunit shida. Wannan shi ne zafin da dole ya shiga cikin ruwan. Duk abin da aka ƙone sama da haka asara ce.

Busasshen itace kilo ɗaya na ɗauke da kimanin kilowat-awa 4, sai dai murhu mai duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kawai yake kaiwa cikin tukunya, sauran ya bi iska. Saboda haka ruwan naka na cin itace kilo 10 zuwa 15 kullum. Hitar lantarki ba ta zubar da komai a wajen dumamawa, yunit shida za ta ci, a ƙara ɗaya ko biyu da tankin ke yoyarwa ta jikinsa a wuni. Injin gas zai ci ɗan sama da rabin kilo a rana, wato silinda mai kilo 12.5 ta kai ka mako uku. Na'urar zuƙar zafi yunit biyu zuwa biyu da rabi ya ishe ta. Na sola kuwa, in ƙasarku na samun rana sosai, kowane murabba'in mita na abin karɓar hasken zai ba ka sama da kilowat-awa 2 na zafi a yini, don haka mita biyu da rabi zuwa uku sun rufe buƙatarka.

Kafin a zo ga sayen na'ura, akwai asarar da ake toshewa da ɗan abu kaɗan. Tsohon kan shawa na zubar da lita 12 zuwa 15 a minti, na zamani mai tsimi 6 zuwa 8, mai wanka da bokiti kuwa ya riga ya fi su duka tattali. Sai nisan bututu: mai faɗin milimita 22 na riƙe kusan sulusin lita a kowace mita. In tsakanin tankin zafi da banɗaki mita 20 ne, lita shida ce za ta zube da sanyinta kafin mai zafi ya iso, wata shidan mai zafi kuma ta kwana a bututu ta huce. Ka kusantar da na'urar da wurin wanka, ka yi amfani da siririn bututu, ka naɗe shi da soson hana fitar zafi. Soson da ke waje a rufe shi, domin rana na cinye shi cikin shekara biyu ya koma gari.

Yanzu ga na solar. Tsohuwar fasaha ce. Clarence Kemp ya yi rajistar na farko na kasuwa a Baltimore ta Amurka a 1891, a 1909 kuma William Bailey ya raba abin karɓar haske da tankin ajiya a Kalifoniya, ruwan ya riƙa kwana da zafinsa. Isra'ila ta wajabta shi a yawancin sabbin gidaje tun 1980, a tsibirin Saifurus sama da kashi 90 cikin ɗari na gidaje suna da shi, Sin kuwa ita ke da mafi yawan waɗanda aka kafa a duniya, da yawansu a kan rufin gidajen manoma. Na kawo wannan ne don ka san ba gwaji za a yi da kuɗinka ba.

Yadda yake aiki da sauƙi. Ruwan da ya ɗauki zafi ya fi mai sanyi sauƙin nauyi, sai ya hau sama da kansa ya shiga tanki, mai sanyin ya gangaro ya maye gurbinsa. Haka zai yi ta zagayawa muddin akwai rana, ba injin tura ruwa, ba waya, ba batir. Sharaɗin kawai tankin ya kasance sama da abin karɓar hasken. In tankin a ware yake, a ɗaga gindinsa aƙalla santimita 30 sama da kan allon karɓar hasken, in ba haka ba da dare zagayen zai juya baya, allon ya mayar wa sararin sama zafin da ya tara da rana. Bututun da ke haɗa su kuma ya riƙa hawa a hankali ba tare da ya yi doro ba, domin iska na maƙalewa a doron ta tsayar da komai.

Iri biyu za ka tarar. Akwai shimfiɗaɗɗen allo, baƙin faranti da siraran bututun jan ƙarfe a ƙarƙashin gilashi. Akwai kuma mai jerin kwalaben gilashi, kowace ninki biyu an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, kamar filas ɗin ajiye ruwan zafi. Yawanci tsayin kwalba mita 1.8 ne, faɗinta milimita 58, ana kuma lissafa kusan lita goma ta tanki ga kowace ɗaya, wato kwalba 15 ga lita 150. Na ka ina ganin ka ɗauki mai lita 200, saboda baƙi da ranakun da rana ba ta fito sosai ba. Mai kwalaben ya fi riƙe zafi a lokacin sanyi da iska, ya fi araha a mafi yawan wurare, kuma in ɗaya ta fashe ita kaɗai za a canza. Aibinsa shi ne a nau'in da ruwa ke shiga cikin gilashin kai tsaye, kwalba ɗaya in ta fashe duk tankin zai tsiyaye. Allon ya fi jure dutsen yara da ƙanƙarar sama, yana kuma daɗewa, amma siraran bututunsa ba sa shiri da ruwa mai zartsi, wato mai ɗauke da alli.

Ruwan rijiyar burtsatse da ka ambata shi ya fi damuna. Ka leƙa gindin butar da kuke tafasa ruwa. In ka ga farin ɓawo mai tauri ya manne, ko sabulu ba ya kumfa da kyau, ruwanka na ɗauke da narkakken alli, kuma zafi ne ke fito da shi, musamman daga digiri 60 zuwa sama. Na sha kwance hita daga tankin da aka ce ya daina dumama ruwa, in tarar da ƙarfen ya yi kaurin hannu da farin dutse, har sai an sa guduma a hankali kafin ya fito ta ramin da ya shiga. A ƙarƙashin ɓawon ƙarfen ya kumbura ya tsage, domin zafin ya rasa hanyar fita sai ya ƙone kansa. A allon sola abin ya fi muni, tunda ba ka ganin cikin bututun, sai dai ka lura ruwan na rage zafi shekara bayan shekara har ya tsaya. In ruwanka irin wannan ne, ko dai ka ɗauki mai kwalabe, waɗanda ake zarewa a wanke da ruwan tsami mai narkar da alli, ko ka ɗauki wanda ruwan da ke zagaya allon daban yake da na wanka, yana miƙa zafinsa ta jikin ƙarfe kawai. Wannan na biyun shi ne kuma maganin wuraren da ruwa ke daskarewa da dare, domin ana zuba masa sinadarin hana ƙanƙara. In ruwan na da gishiri sosai, tankin silba ma na iya hujewa ta wurin walda. Kai ruwan a gwada kafin saye ya fi sauƙi a kan sayen tanki sau biyu. In yana ɗauke da yashi ko laka, a sa matata kafin ya shiga.

Sai ƙarfin ruwa. Kowace mita goma ta tsayi tana ba da matsi na "ba" (bar) ɗaya, ma'aunin matsin ruwa ke nan. Tankin da ke mita uku sama da kan shawa bai wuce 0.3 ba. Wannan ya isa ga na sola mara matsi, wanda ke da bututun shaƙar iska a buɗe a samansa, amma dole gindin tankin ruwan sanyin ya fi saman tankin solar tsayi, in ba haka ba ba zai cika ba. Mutane da dama sai an gama ɗora na'ura a kan rufi suke gane tankinsu ya yi ƙasa. Ka auna tun yanzu. In rufin ya fi tsayi, a kafa na'urar a kan ƙarfe a ƙasa inda inuwa ba ta kaiwa. Sau da yawa ma haka na fi so: na'ura mai lita 200 in ta cika tana haura kilo 250, katakon rufin da aka yi don ɗaukar kwano kaɗai ba zai ji daɗinta ba, kuma abin da ke ƙasa ya fi samun mai goge masa ƙura.

Fuskar na'urar ta kalli layin da ya raba duniya biyu, wato kudu in kana arewacinsa, arewa in kana kudancinsa, a jingine ta gwargwadon nisan ƙasarku da layin, amma kada ta kwanta ƙasa da digiri 15 zuwa 20, don ruwan ya samu hawa, ruwan sama kuma ya wanke ta. Ka duba inuwar bishiya daga hantsi zuwa la'asar, kuma a lokacin sanyi da rana ke yin ƙasa.

Abu ɗaya da ya kamata duk mutanen gida su sani: kwalbar da ba ruwa a cikinta, in ta sha rana, cikinta na wuce digiri 200. In ruwa ya ƙare a tanki da safe, aka tayar da injin rijiya da azahar, ruwan sanyi ya faɗa cikin gilashin da ya yi wannan zafi, za ka ji ƙas, ƙas, suna tsagewa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na zuba ta gindi. Ana cika irin wannan na'ura ne da sassafe ko bayan faɗuwar rana. In za ku yi tafiya mai tsawo, a lulluɓe kwalaben.

Batun lafiya kashi biyu ne masu jan juna. Akwai ƙwayar cutar Lajiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taro a Filadelfiya a 1976. Tana yaɗuwa a ruwan ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, tana shiga jiki ta feshin da ake shaƙa a shawa, digiri 60 kuma na kashe ta. Don haka ake so ruwan tanki ya riƙa kaiwa 60. Amma ruwa mai digiri 60 na sale fatar babba cikin daƙiƙa kaɗan, ta yaro da tsoho kuwa tun kafin haka, na sola kuma a ranar zafi yana haura 80. Maganin shi ne bawul mai surka ruwa da kansa a bakin fitar tanki, ya saukar da shi ƙasa da 50 kafin ya isa famfo. Masu haɗawa sukan tsallake shi don farashinsu ya yi daɗin ji. Gidan da ke da yara kada ya yarda. Bututun fitar ma ya zama na ruwan zafi, domin robar ruwan sanyi laushi take yi ta saki.

Ranakun hadari fa? Yawancin tankunan na zuwa da wurin sa hita mai kilowat ɗaya da rabi ko biyu. Ka sa, amma da makunni a hannunka ko agogon da zai kunna ta da yamma kawai in ruwan bai yi zafi ba. In aka bar ta a kunne dare da rana, ita za ta dumama ruwan da asuba, rana ta fito ta tarar ba aikin yi, kai kuma ka ci gaba da biyan kuɗin wuta kana mamaki. Tunda wutarku ba tabbas, kada ka rushe murhun. Ka mai da shi rufaffe mai bututun hayaƙi, wanda zai rage itacen sosai ya kuma fitar da hayaƙin waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020, akasarinsu daga irin wannan hayaƙi. In wani ya ce zai nannaɗa maka bututu a cikin murhu ya haɗa da tanki, dabara ce mai aiki, da sharaɗin tankin na da mafitar tururi a buɗe wadda ba bawul a kanta. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, rufaffen tanki a kan wuta kuwa bam ne.

Na'urar zuƙar zafin da aka yaba maka, gaskiya aka faɗa. Injin firiji ne aka juya aikinsa: tana kwaso zafin da ke cikin iska ta zuba a ruwa, shi ya sa yunit ɗaya na wuta ke ba da biyu zuwa huɗu na zafi. Tana jan wat ɗari biyar ko ƙasa da haka, ba ruwanta da hadari ko dare, tana kuma son iska mai ɗumi da wuri mai faɗi. A gidan da wuta ke tsaye, ita zan fara ambata. A naka ina jin tsoro. Tana buƙatar awoyi da dama a jere kafin ta dumama tanki, kwamfuresa da allon lantarkinta ba sa jure wutar da ke hawa da sauka, kuma ranar da ta tsaya sai mai gyaran firiji da ya san irinta, kayan gyaran ma wataƙila sai an yi odarsu daga nesa. In kana da faifan sola na lantarki da inbata mai ƙarfi, lissafin ya canza: a saita ta ta yi aiki da tsakar rana, faifai na wat 600 zuwa 800 ya ɗauke ta, tankin ya ajiye zafin zuwa dare ba tare da an taɓa batir ba. Hita ta yau da kullum ma ana iya ciyar da ita da rarar wutar faifai da rana, sai dai za ta buƙaci kusan kilowat ɗaya da rabi na faifai. Abin da ba a yi shi ne dumama ruwa da batir da dare, wannan kashe batir ne kawai.

Na gas mai dumamawa nan take yana da kyau a matsayin mataimaki, tunda ba ya ajiye ruwa balle ya huce. Amma da yawansu ba sa kamawa in ruwa ba ƙarfi, zartsi na toshe su da wuri, ga jigilar silinda daga gari. Kuma ba a kafa shi cikin banɗaki ko rufaffen ɗaki. Yana iya fitar da iskar kabon monoksaid, mara wari mara launi, mai kashe mutum yana tsaka da wanka. A waje ake sa shi, ko da bututun hayaƙi mai fita waje. Na lantarki mai dumamawa nan take kuwa ka manta da shi: ɗaga lita shida a minti da digiri 25 na buƙatar kilowat 10, wayar ƙauye da ƙaramin janareta ba za su ɗauka ba.

Don sanin ko abin zai biya ka, ka rubuta abin da kake kashewa kan itace da wutar dumama ruwa a wata, ka ɗauka solar za ta ɗauke kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari a shekara, ba duka ba, sannan ka raba kuɗin saye da na haɗawa da abin da za ka tsira da shi. Na'ura mai kyau da ake kula da ita tana kai shekara 15 ko fiye, mara kyau kuwa tankinta na iya fara yoyo tun ba a je ko'ina ba, araha ba ta ado.

In ka je wurin mai sayarwa, ka tambaye shi da wane ƙarfe aka yi cikin tankin da kaurinsa, da kaurin abin hana fitar zafin da ke tsakanin ciki da waje, kada ya gaza santimita biyar. Ka tambaya ko akwai sandar magniziyam a ciki, wadda tsatsa ke ci a madadin tankin, ana kuma canza ta duk shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon ruwa. Ka sa ya nuna maka gidan da ya haɗa wa shekara uku ko huɗu da suka wuce, ka je ka taɓa ruwan da hannunka da sassafe, lokacin da ake gane tankin kirki. Ranar haɗawa ka kira mai aikin famfon da ya fi kusa da ku ya tsaya a yi komai a gabansa, ya ga yadda ake zare kwalba da mayar da ita da ruwan sabulu a bakin robar. Ka kuma sayi kwalabe uku ko huɗu na ajiya da robobin bakinsu a cikin cinikin farko, ka adana su a kwalinsu. Kwalba mai lafiya gindinta na ƙyalli kamar madubi. Ranar da ka ga gindin wata ya koma fari, iska ta shige ta, sai ka canza ta da yamma bayan na'urar ta huce.